Kajina sun rage ƙwai tun shigowar bazara, mi zan yi?

Maman Ƴan Biyu, Wadata, Tahoua:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da kaji 12 a bayan ɗaki, 8 jajaye na gona, 4 na gida. Lokacin sanyi ƙwai 7 ko 8 nake ɗauka a rana, har mai shayin bakin layinmu yana saye. Tun shigowar Afrilu abin ya koma 2, wata rana ma ɗaya, kuma ɓawon ba ƙwari, da ka ɗan matsa sai ya fashe. Ba zawo, ba wadda ta mutu. Dussar hatsi nake ba su da sauran tuwo, ruwa safe da marece. Akurkin rufin kwano ne. Maƙwabciyata ta ce rashin zakara ne, don mun yanka namu da aka yi suna. Ku taimaka mini da shawara.

Baban Kaji, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Ki bar maganar zakara, ɗiyata. Kaza na yin ƙwai ko babu shi, amfaninsa sai in ana son ƴan tsaki. Masu gonar da kika sayo jajayen nan, kin ga zakara cikin kajinsu?

Ɗan Ader mai kiwo:
Yaya, amsar tana cikin bayaninki: rufin kwano, watan Afrilu, a Tahoua. Ki leƙa su da azahar. In kin tarar sun buɗe baki suna haki, fukafukai a sake, to zafi ne. Kaza ba ta yin zufa, da haki take sanyaya jiki. Da zafi ya haura digiri 30 sai ta fara rage cin abinci, mu kuwa yanzu muna wuce 40. Wadda ba ta ci ba da mi za ta gina ƙwai? Hakin ma kansa yana rage sinadarin da take yin ɓawo da shi a cikin jini, shi ya sa kika ga ɓawon ya zama haka.

Ki shimfiɗa zana ko karan hatsi bisa kwanon, ki buɗe gefe iska ta riƙa ratsawa. Ruwa kuma safe da marece bai isa ba ko kusa. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙwai ruwa ne. Ki aje kasko biyu a inuwa, ki riƙa canzawa da ruwan randa, musamman tsakanin azahar da la'asar. Ruwan da ya yi zafi a roba ba su shan shi, ko da kin ga robar cike take. Abinci ki ba su da sassafe da kuma dab da magariba, lokacin ne suke iya ci.

Hajiya Mai Fura:
Duk abin da ya faɗa haka ne, amma dussar nan ita ta tsaya mini a rai. Kazar gida tana yawo, ta tono gara, ta kama fara, ta cike giɓinta da kanta. Jar kazar gona da ke kulle ba ta da wannan. Ita tana buƙatar wajen giram 110 zuwa 120 a rana na abinci mai gina jiki, dussa kuwa cika ciki ce kawai. In ba ki iya sayen buhun abincin kaji masu ƙwai, ki haɗa ɓarzajjen masara ko dawa da tunkuza, da ɗan garin busasshen kifi. Masu kifin Tabalak ba su rasa ɓurɓushi, ki tambaya ranar Lahadi a kasuwa. Ɓawon ƙwai kada ki zubar: ki gasa shi, ki daka lukui, ki zuba musu a wani kwano daban. Ki daka sosai fa, in suka gane kamannin ƙwai ne sai su koyi fasa nasu, kuma wannan hali ba ya barinsu da sauƙi.

Maman Ƴan Biyu:
Na gode Hajiya, Allah ya saka. Haki kam suna yi. To na gidan fa? Biyu daga cikinsu ba su fita daga kwando, in na kai hannu sai su kumbura su sare ni.

Hajiya Mai Fura:
Waɗannan kwanci suke yi, ba ciwo ba ne. Kazar gida takan yi ƙwai 10 zuwa 15 sai ta tsaya ta kwanta, kwana 21 kafin ƙyanƙyasa, sannan ga rainon ƴan tsaki. Tunda ba zakara, zaman banza suke yi. Ki ɗauke kwandon, ki ware su wuri mai haske da iska na ƴan kwanaki, za su saki.

Wani ɗan uwa daga Niamey:
Ki duba ƙuma da kaska kuma. Mu baƙin mai muke shafa musu, shi ke nan.

Malamin dabbobi:
Don Allah kada a shafa wa kaza baƙin mai ko kalanzir, yana ƙona fata kuma guba ne. Amma dubawar tana da kyau. Maman Ƴan Biyu, ki shiga da tocila da dare, ki haska tsagogin bango da ƙarƙashin fiffike, don wata kaskar da rana ɓoyewa take a bango, da dare ta fito shan jini. In zankon kansu ya yi fari-fari, alama ce. Ki share akurkin, ki liƙe tsagogin da laka, ki tara musu toka da yashi su yi birgima. Magani kuma ki karɓa wajen ma'aikatan kiwo, ki tambaye su ko ana cin ƙwai bayan an ba da shi, don wasu magungunan sai an jira.

Tambaya biyu: an yi musu rigakafin Niyukasal? Cutar ma tana kawo raguwar ƙwai da ɓawo mai laushi, sai dai yawanci da zawo kore, ko murɗewar wuya, ko mutuwa, ke kuwa ba ki ga ko ɗaya ba. Sannan watanninsu nawa?

Maman Ƴan Biyu:
An yi musu kafin hunturu, Malam. Jajayen ba su cika shekara ba.

Malamin dabbobi:
To ba tsufa ba ne, sai sun shiga shekara ta biyu ake ganin raguwar tsufa. Ki fara da inuwa da ruwa yau, abincin ki canza shi sannu a hankali cikin mako guda. Ki ba su mako biyu zuwa uku, kuma kada ki sa ran 8 ɗin nan kafin ruwa ya sauka gari ya yi sanyi. In wata ta fara gyangyaɗi ko zawo, ki ware ta nan take ki kira mai duba dabbobi.