Na rasa makarantun MBA da zan nema, a ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata uku ke nan ina juya wannan magana a raina, kaina ya ɗaure.

Shekara biyar na yi ina aikin injiniya, yanzu ina son yin MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, don in koma harkar zuba jari. Na rubuta GMAT, jarrabawar neman shiga makarantun MBA, na samu 645, mafi girman maki kuwa 805 ne. A takardar da na manna a bangon ɗakina akwai makarantu 11, alhali ƙarfina bai wuce in cika fom huɗu da kyau ba, domin kowace na son rubutunta daban da wasiƙun shaida daga shugabannina a wurin aiki. Ina jin nauyin komawa wurin maigidana na ofis sau goma sha ɗaya.

Abin da ya fi tsaya mini a wuya shi ne tsawon karatun. Harvard da Wharton a Amurka shekara biyu ne, akwai hutun bazara da ɗalibi ke gwajin aiki a kamfani, kuma ga mai sauya sana'a irina wannan ce ƙofar shiga. INSEAD a Faransa wata goma ne. Kuɗi ya ragu, amma ina tsoron in fito ban samu gindin zama ba.

Sannan zagayen farko na karɓar takardun neman shiga yakan rufe a Satumba, na biyu a Janairu. In nema yanzu da makin nan, ko in sake jarrabawar in jira Janairu? Don Allah wanda ya bi wannan hanya, da me ka tace naka jerin?