Zare: wane suna za mu raɗa wa "email client" da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wata kalma da ta daɗe tana ba masu koyar da kwamfuta da Hausa wahala, wato abin da Bature ke kira "email client". Ana nufin irin su Thunderbird da Outlook da Apple Mail, manhajojin da ake girkawa a kan kwamfuta don karanta imel da aika shi ba tare da an buɗe burauza (manhajar shiga shafukan intanet) ba. Fassarori iri-iri na yawo. Wasu ba laifi, ɗaya kuwa ɓarna ce tsagwaronta. Ina da tawa shawarar, amma bari mu fara da aikin da abin ke yi.

Saƙon da aka aiko maka ba a kwamfutarka yake fara sauka ba. Yana sauka ne a wata babbar kwamfuta ta waɗanda suka ba ka adireshi, ko Google, ko Yahoo, ko Microsoft, ko ma'aikatarku. Ita ce ake kira saba, wasu kuma suna rubuta uwar garke. Hanya biyu ce ta isa ga saƙon. Ko dai ka buɗe burauza ka je shafinsu ka karanta a can, ko kuma ka sa wata manhaja ta je ta karɓo maka, ta jera, ta adana, idan ka rubuta amsa ta kai. Ta biyun nan muke nema wa suna.

Dalilin da ya sa Hausa ba ta riga ta samar da sunan ba a fili yake. A ƙasashen da imel ya fara, manhajar ce ta riga shafin zuwa: Eudora ta fito a 1988, Hotmail sai a 1996, Gmail sai a 2004. Mu kuwa yawancinmu a kafe, wato shagon intanet, muka fara ganin imel, ka biya kuɗin awa ɗaya, ka buɗe Yahoo a burauza, lokacinka ya ƙare ka tashi wani ya zauna. Wanda ba shi da kwamfutar kansa me zai yi da manhajar da ke tara masa wasiƙu? Daga kafe kuma sai muka tsallaka waya. Yanzu da ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa ke riƙe da laftof, buƙatar ta taso, bakinmu kuma babu kalmar.

Fassarar da nake roƙo a daina ita ce "abokin cinikin imel". Injin fassara ne ya haifo ta, don ya ga kalmar da lauya ke kiran wanda ya ɗauke shi aiki, sai ya maƙala ta a nan. Babu ciniki tsakaninka da Thunderbird, ba ta kuma sayen komai a wurin kowa. A harshen masu kwamfuta, kalmar "client" na nufin ɓangaren da ke nema, saba kuma ɓangaren da ke bayarwa. Ɗalibin da ya karanta "buɗe abokin cinikin imel ɗinka" zai tsaya ne yana kallon allo.

"Manhajar imel" ita ce ta fi yaɗuwa, kuma ba kuskure ba ce. Matsalarta faɗi. Ku gwada a aji: tambayi ɗaliba, "Wace manhajar imel kike amfani da ita?" Nan take za ta ce Gmail. Ba ta yi ƙarya ba, amma ta faɗa maka inda akwatinta yake ne, ba abin da take buɗe shi da shi ba. Mutum na iya riƙe adireshin Gmail ya riƙa karanta shi a Thunderbird. Yana iya haɗa na Gmail da na Yahoo da na wurin aiki su zauna a taga ɗaya, kowanne da jakarsa a gefen hagu. Bambancin nan tsakanin mai ajiye akwati da mai buɗe maka shi, shi ne dukan abin da muke son ɗalibi ya gane, kuma daidai nan "manhajar imel" ke sakin mu.

Sauran da na ji ba za su ɗauke mu lokaci ba. "Akwatin imel" ya riga ya zama sunan wurin da saƙonni ke shigowa. "Masinja" Facebook ya riga mu, duk wanda ya ji zai ɗauka Messenger ake nufi. "Ɗan aike" ya kama rabin aikin, kai da kawowa, amma ɗan aike ba ya ajiye takardu. "Manzo" kuwa mu bar ta a inda take da darajarta.

Shawarata ita ce magatakarda. Magatakardan imel.

Ku tuna aikin magatakarda a fada. Wasiƙa ta zo, shi zai karɓa, ya buɗe, ya karanta wa sarki. Shi zai rubuta amsa da sunan sarki a aika. Shi ke adana takardun, idan bayan shekara biyu aka ce ina wasiƙar hakimin wuri kaza, shi zai zaƙulo ta. Ba shi ne gidan waya ba, wasiƙun kuma ba nasa ba ne. Karɓa, karantawa, rubutawa, aikawa, adanawa, nemowa: ban ga ko ɗaya daga cikin ayyukan Outlook ko Thunderbird da ya fita daga wannan ba. Hatta kalanda da littafin adireshi da suke ɗauke da su, aikin magatakarda ne ya san wa zai zo yaushe, kuma ina ake samun wane.

Kalma ba ta tabbata sai an sa ta a baki, don haka ga jimlolin da mai gyara ko mai koyarwa ke faɗa kullum. "Wane magatakarda ka girka, Thunderbird ko Outlook?" "Adireshinka lafiya yake, magatakardan ne ya kasa haɗuwa da saba." "Na canza magatakarda amma adireshina na nan yadda yake." Ta ƙarshen nan ta fi burge ni, domin mutane da yawa na tsoron barin wata manhaja a zaton adireshinsu zai ɓace. Da wannan sunan, jimlar da kanta ta kwantar musu da hankali.

Sunan yana kuma taimakawa wurin da masu girkawa suka fi yin asara. Idan ka buɗe Thunderbird karon farko, zai nemi sunanka da adireshinka da kalmar sirri, sannan ya nuna maka zaɓi biyu, IMAP da POP3. Yawancin mutane ba su san me suke zaɓa ba. A tsarin POP, magatakarda na zuwa ya kwaso wasiƙun ya kawo kwamfutarka, kuma idan ba a saita ya bar kwafi ba, sai a share su daga saba. A tsarin IMAP, wanda Mark Crispin ya ƙirƙiro a 1986, wasiƙun na zaune a saba, magatakarda na daidaita abin da ke wurinka da abin da ke can. Ka karanta saƙo a laftof, wayarka ma ta nuna an karanta. Na taɓa gani a wani ofishi: an girka wa akawu adireshin aiki da POP, shekara da shekaru komai na taruwa a kwamfutar teburinsa. Ranar da faifan ajiyarta ya mutu, aka buɗe akwatin ta burauza, aka tarar da saƙonnin kwanakin baya-bayan nan kawai. Rasit-rasit da takardun kwangila duk sun tafi. Da an tambaye shi da Hausa, "Kana son magatakarda mai kwasowa ko mai daidaitawa?" na tabbata da ya tambayi bambancin kafin a danna. Don haka ina ƙara shawarar waɗannan biyun: POP mai kwasowa, IMAP mai daidaitawa. Duk mai karanta imel a na'ura fiye da ɗaya, mai daidaitawa zai ɗauka.

Haka batun izini. Tun 2022 Google ya daina barin irin waɗannan manhajoji su shiga asusun Gmail na mutum da kalmar sirri kaɗai. Yanzu wata taga ce ke buɗewa, ka shiga shafin Google da kanka, ka amince manhajar ta riƙa ganin wasiƙunka. Da Hausa sai a ce ka ba magatakarda izini, ranar da ka ga dama kuma ka janye. Ba a buƙatar ƙarin bayani.

Yanzu ga amsoshina ga waɗanda suka yi tsokaci a kan wannan zaren. Malam, na ga gyaranka, kuma na gode. Ka ce magatakarda mutum ne, kuma kalmar ta riga ta yi aiki da yawa: magatakardan jami'a, magatakardan kotu, har babban magatakardan Majalisar Ɗinkin Duniya. Gaskiya ne. Amma manhaja ma a da tsarin karatun makaranta take nufi, yau kuwa ba wanda ke ruɗewa idan aka ce ya sauke manhaja. Shafi na littafi ne kafin ya zama na intanet. Yanar gizo ma aro ce daga abin da muka sani. Idan aka ce "magatakardan imel" a karon farko, sauran maganar za ta ɗauki "magatakarda" shi kaɗai. A takardar jarrabawa ko littafin koyarwa kuwa, a rubuta "magatakardan imel, wato manhajar da ke karɓo wasiƙu daga saba ta adana su a na'ura", shi ke nan.

Ɗan'uwan da ya kawo "ɗan garke", tunda saba uwar garke ce, wallahi shawararka ta yi kyau, kada a yar da ita. Wurinta ajin masu koyon haɗa kwamfutoci ne, inda ake buƙatar kalma ɗaya ga duk abin da ke nema daga saba, ko burauza ce ko manhajar banki. Ga mai shago da ke son karanta wasiƙar dilansa, ɗan garke ba zai faɗa masa komai ba.

Hajiya ta tambayi wanne za ta girka. Idan ofishinku na kan tsarin Microsoft, da kalandar da kowa ke gani da taruka, Outlook ne, wanda ke tafe da Office tun 1997, kuma cikakkensa na kuɗi ne. Idan Mac ce a hannunki, Apple Mail na ciki tun daga kanti. In ba haka ba, ni Thunderbird nake ba mutane: kyauta ne, na gidauniyar Mozilla ne, sigarsa ta farko cikakkiya ta fito a Disambar 2004, yana aiki a Windows da Mac da Linux. Tsohuwar manhajar Mail ta Windows kuwa Microsoft ta daina kula da ita a ƙarshen 2024, kada ki dogara da ita. Abin da ya fi amfani a wurinmu shi ne, idan aka saita magatakarda ya ajiye kwafi a kwamfuta, ko sabis ya ɗauke ko data ta ƙare za ki iya karanta tsofaffin saƙonni, ki rubuta amsoshi ki ajiye su a jakar masu fita, a tura idan sabis ya dawo.

Wani ya ce ai manhajar Gmail ta waya ma wannan aikin take yi. Haka ne, kuma sunan ya ɗauke ta: magatakardan waya, magatakardan kwamfuta. Thunderbird ma ya fito a Android a 2024. Abin da kawai ba magatakarda ba shi ne buɗe akwati ta burauza, wannan sai mu ce imel ta shafi.

'Yar'uwa daga Maradi, kin ce a ofisoshinku da Faransanci ake kiransa, "logiciel de messagerie", ko kawai a ce Outlook ko da ba Outlook ba ne. Mu ma nan haka ake yi, kuma shi ya sa mutane ke zaton babu wani sai shi. Don Allah ki gwada "magatakardan imel" a kan abokan aikinki ba tare da kin yi musu bayani ba, ki faɗa mana abin da suka fahimta. Masu koyarwa a Kano da Zariya da Sakkwato, ku ma ku gwada tambayar nan a aji, "Wane magatakarda ka girka?", ku kawo mana amsoshin da kuka samu a ƙarƙashin wannan zaren.