Ina son haɗa wasan dara na burauza, wane inji zan kama?

Ɗan Ƙofar Sauri:
Salam jama'a. Dan Allah masu harkar kodin ku ba ni shawara. Ina son in haɗa wasan dara irin wanda dattawa ke yi a bakin kasuwa, gurbi 30 kowa da 'ya'ya 12, ka jera uku ka ci ɗaya, amma so nike mutum ya latsa link daga WhatsApp kawai ya fara ba sai ya je Play Store ba. Na ɗan iya JavaScript. Wajen inji, wato manhajar da ake haɗa wasa da ita, abokina ya ce Unity, wani ya ce Godot, laftof ɗina kuma RAM 4GB ne. Wanne zan kama?

Bakatsine:
Wslm ƙanena. Fara duba wayar masu bugawa tukuna, mutanenmu itel da Tecno suke riƙe da su kuma data da tsada, in shafi ya daɗe yana juyawa wlh rufewa za su yi ba za su dawo ba. Unity ajiye shi gefe, laftof ɗinka zai wahala kuma abin da yake fitarwa na burauza nauyi gare shi. Tunda ka iya JavaScript kama Phaser, kyauta ne, tun 2013 ake amfani da shi, dan wasannin 2D na burauza aka yi shi, fayil ɗinsa bai wuce megabait ɗaya da ɗan wani abu ba. In ka gama ɗora a itch.io ko GitHub Pages ba ko kwabo.

'Yar Daura:
Ni Godot nike amfani da shi kuma ina sonsa sosai, yaren kodin ɗinsa GDScript da sauƙi kamar Python, kana ganin komai a allo kana ja kana ajiyewa. Amma gaskiya Yaya Bakatsine ya faɗi daidai, Godot 4 sai da fasahar zane ta WebGL 2 yake tashi a burauza kuma dukkan injin ne mutum zai sauke kafin ya ga gurbi ɗaya. In har nan gaba kana da niyyar fitar da APK, wato manhajar da ake sakawa a wayar Android, to sannan ka zo wajenmu.

Malamin Kwamfuta:
Ni ban ga abin da dara za ta yi da inji ba ma. Babu gudu babu tsalle babu karo, canvas, wato filin zane da ke cikin burauza, kaɗai ya isa. Aikin yana wajen dokoki, yaushe jeri ya ci, jerin huɗu fa, sannan in mutum biyu za su buga ɗaya a Katsina ɗaya a Daura sai ka nemi saba (server) da WebSocket da za su haɗa wayoyin biyu, Phaser ba zai yi maka wannan ba. Ka je ka zauna da masu dara su faɗa maka dokar da suke bi dan gari da gari akwai bambanci.

Ɗan Ƙofar Sauri:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Zan fara da mutum biyu a waya guda tukuna. Malam, taɓa allo da yatsa a canvas ɗin yana da wahala ne ko Phaser ya fi sauƙi a nan?