Kibod ya ƙi aiki? Ga abin da masu gyara suka ce

A wata tattaunawa da masu gyaran kwamfuta suka yi kan kibod ɗin laftof da ya ƙi aiki, abin da bakinsu ya zo ɗaya a kai shi ne a fara gano inda matsalar take kafin a taɓa sukudireba. A jona wani kibod na USB. In ya yi rubutu, to laifin na kibod ɗin laftof ne ko siririyar wayarsa ta ciki. In shi ma ya ƙi, a duba Windows: a cire direban kibod, wato manhajar da ke sa shi aiki, a Device Manager (inda Windows ke jera na'urorin kwamfutar), a sake kunna kwamfutar, zai dawo da kansa.

Sau da yawa ma ba lalacewa ba ce. Wanda ya danna J ya ga 1, ya danna K ya ga 2, Num Lock ne a kunne, wato maɓallin da ke mayar da wasu haruffa lambobi; danna maɓallan Fn da NumLk tare zai kashe shi. In @ da " sun yi musanyar wuri, an koma tsarin Ingila daga na Amurka ne, sai a danna maɓallin Windows tare da Space. Akwai kuma Filter Keys, wani saiti na Windows mai kunna kansa idan aka danne Shift na dama tsawon daƙiƙa 8, sai rubutu ya yi ta jan ƙafa.

Ƙurar hunturu kuwa, buroshi mai laushi ya wadatar.

An fi daɗewa kan zubewar ruwa. A kashe kwamfutar nan take, a zare caja, a kife ta a buɗe, a bar ta kwana biyu. Shayi ya fi ruwa ɓarna, don sukarinsa na manne maɓallai ko bayan ya bushe. Wani ya kawo dabarar binne ta cikin shinkafa, amma yawancinsu sun ce ɓata lokaci ne, gara a kai wa mai gyara ya buɗe ya goge.