Shin tatsar saniya ma zalunci ne a wurin masu kare haƙƙin dabbobi?

Mai Neman Sani ta rubuta:

Assalamu alaikum. Makonni biyu ke nan ina karanta rubuce-rubucen mutanen da suka haramta wa kansu duk abin da ya fito daga jikin dabba, wato nama da kifi da ƙwai da madara da zuma, har da takalmin fata. Da raha na fara, domin a wurinmu wanda ba ya cin nama ko dai likita ne ya hana shi ko kuwa aljihu. Amma littafin Animal Liberation na Peter Singer, masanin falsafa ɗan Ostareliya, wanda ya fito a 1975, ya sa jikina ya yi sanyi. Hujjarsa ita ce azaba azaba ce ko a jikin wa take, kuma wanda ya kau da kai daga wahalar wata halitta don kawai ba jinsinsa ba ce, tafarkinsa ɗaya da mai wariyar launin fata. Tambayata ita ce, shin wannan hujja a kan manyan gidajen kiwo na Turai da Amurka ta tsaya, ko ta haɗa har da matar da ke tatsar saniyarta a ruga?

Tsohon Ɗalibin Falsafa ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Amsar ta danganta da wanda kike karantawa, domin waɗannan mutane ba bakinsu ɗaya ba. Singer ya ɗauko zaren ne daga Jeremy Bentham na Ingila, wanda tun a 1789 ya ce abin dubawa game da dabbobi ba hankali ko magana ba ne, sai dai ko suna jin azaba. Mai wannan ra'ayi wahala yake aunawa, shi ya sa yawancin littafin a kan ɗakunan gwaji da manyan gidajen kiwo yake, inda kaza take ƙare rayuwarta a kejin da ba za ta iya miƙa fikafikanta ba, kuma ake hallaka 'yan tsakin da suka fito maza ranar ƙyanƙyasa tun da ba za su yi ƙwai ba. Irin wannan ƙorafi ya yi tasiri, domin Tarayyar Turai ta haramta tsofaffin ƙananan kejunan daga 2012, Jamus kuma ta hana kashe 'yan tsakin daga farkon 2022.

Tom Regan, Ba'amurken da littafinsa ya fito a 1983, ya fi tsanani. A ganinsa dabba tana da rayuwar da ta dame ta, don haka mallakarta ita ce kuskuren tun daga tushe, kuma faɗaɗa keji ba gyara ba ne matuƙar akwai mai zama a ciki. A ma'auninsa matar rugar ba ta tsira ba. Hasali ma batun madara ne ya raba Donald Watson da sauran masu ƙin nama a 1944, har ya kafa ƙungiyarsa a Ingila da sabuwar kalmar vegan, wato mai ƙin duk abin da ya fito daga jikin dabba, domin saniya ba ta ba da madara sai ta haihu, kuma a manyan gonaki akan raba ta da ɗanta cikin 'yan kwanaki.

Jikan Makiyayi ya amsa:

'Yar'uwa, a ruga na tashi, kuma abin da Malam ya kwatanta ba shi na gani ba. Shanunmu ba sa sakin nono sai maraƙi yana kusa. Da asuba akan kwance shi daga igiya ya kama nono har ya sauko, sannan a janye shi gefe, uwar tana lasarsa ana tatsa a ƙwarya, a kuma bar masa rabonsa. Kakata ta san kowace saniya da sunanta da halinta, kuma na ga ranar da ta kasa cin tuwo saboda wata ta mutu wajen haihuwa.

Sai dai ba zan wanke mu tas ba. Da rani, idan nono ya yi ƙaranci, ƙwarya da maraƙi ne suke gasa, kuma ba kullum maraƙi ke nasara ba. Bijimin da aka rena kamar ɗa kuwa ƙarshensa tirela ce zuwa Legas, a cunkushe, an ɗaure ƙahonsa, kwana da kwanaki cikin rana da ƙishirwa. Ban yarda da Regan ba, amma idan Singer ya tsaya bakin hanya ya ga wannan mota, ban san amsar da zan ba shi ba.

Malamar Larabci ta amsa:

Ina so in gyara zaton cewa wannan tunani daga Turai ya faro. Abul Ala'i al-Ma'arri, makahon mawaƙin nan na ƙasar Sham da ya rasu a 1057, ya daina cin nama da ƙwai da madara da zuma, yana ganin nonon na 'ya'yan dabbar ne, zumar kuma ba don mu ƙudan ya tara ta ba. Malaman zamaninsa sun soke shi, har wani babban malamin daular Faɗimiyya a Alƙahira ya yi musayar wasiƙu da shi a kan batun, kuma ba ra'ayinsa ne ya rinjaya ba, tun da halaccin yanka a bayyane yake a shari'a. Amma halacci bai ɗauke sharaɗi ba. Hadisi na 17 a cikin Arba'una ya wajabta kyautatawa a komai, har da wasa wuƙa da hutar da abin yanka, kuma kowa ya san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Tirelar da ɗan'uwanmu ya ambata ba sai an jira wani masanin falsafa ya hukunta ta ba.

Mai Neman Sani ta ƙara da cewa:

Na gode muku, Allah Ya ƙara ilimi. Ba na jin zan bar nama, musamman da na fahimci cewa sinadarin bitamin B12 ba ya samuwa a wake da gyaɗa da awara, sai an haɗa da ƙwayar magani. Amma jiya a kasuwa na tsaya ina kallon kaji kusan ashirin rataye a kan babur, kawunansu a ƙasa, bakunansu a buɗe saboda zafi, na kuma tuna cewa na shekara da shekaru ina wuce su ba tare da na ɗaga kai ba. Malamar Larabci, a wane diwani zan sami baitocin al-Ma'arri a kan nono da zuma?