Neman kalma: shugaban tseren motoci da ƙungiyar da kamfani ke riƙe da ita

Mai fassarar labaran wasanni, Agege:
Assalamu alaikum. Gobe da safe zan naɗi rahoto a rediyo kan Wolfgang Ullrich, ɗan ƙasar Ostiriya da ya karɓi ragamar tseren motoci na Audi a 1993, wanda ya yi ritaya a ƙarshen shekarar 2017, bayan motocin kamfanin sun lashe tseren awa 24 na Le Mans da ke Faransa sau 13 a zamaninsa. Ina neman sunan muƙaminsa, da kuma Hausar abin da Turawa ke kira "works team", wato ƙungiyar da kamfanin da ya ƙera motar ya mallaka, yake biyan injiniyoyinta da direbobinta. Na rubuta "tallafin kamfani", amma bai kwanta mini ba.

Malamar Hausa, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Muƙamin ba shi da wuya, Malam, ka ce "shugaban sashen tsere". Amma ka cire "tallafi", domin duk wanda ya ji shi a ƙasar nan, tallafin man fetur ko rabon kayan agaji ne zai faɗo masa a rai, alhali kamfanin da ya shiga tsere ba taimakon kowa yake yi ba, hajarsa yake tallatawa, yana kuma gwada injinan da zai sayar gobe. "Ɗaukar nauyi" ma na mai liƙa sunansa a jikin motar wani ne. Ina ganin "ƙungiyar kamfani", kishiyarta kuma "ƙungiya mai zaman kanta".

Makaniken Ladipo:
Hajiya ta yi gaskiya, sai dai kowace ƙungiya ai kamfani ce. Ni "'yan gida" zan ce. Motar 'yan gida ita ke fara samun sabon inji, na waje kuwa sai ya saya. Lokacin da Fijo 504 ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna, ba ƙaramin ɗaga darajar motar hakan ya yi a Afirka ba, kuma abin da kamfani ke nema da kuɗinsa ke nan.

Dattijo mai kishin harshe, Obalende:
Ikon Allah! Kamfani, inji, ritaya, duka aro ne, sai ka ce ba mu gaji sukuwa ba. A fadar sarakunanmu akwai Shamaki, mai kula da dawakin sarki, shi ya san wanda za a ɗaura wa sirdi da wanda za a hutar. Wannan Bature Shamakin Audi ne, ƙungiyarsa kuma barga ce. Italiyawa ba su ji kunya ba da suka kira ƙungiyar Ferrari da Scuderia, wadda ma'anarta barga, don me mu za mu ji?

Mai fassarar labaran wasanni, Agege:
Baba, hujjar Ferrari ta burge ni ƙwarai. Tsorona shi ne direban tirela da ke saurare a Apapa ya ɗauka sarauta aka naɗa wa mutumin.

Dattijo mai kishin harshe, Obalende:
Sai ka yi masa bayani sau ɗaya, yaro, ai aikin rediyo ke nan. Zaman Ikko ne ya sa kuke raina abin gida. Da a Kano ko Katsina ne, babu mai tambayar wane ne Shamaki.

Malamar Hausa, Idi-Araba:
Baba, da girmanka, wannan maganar ba adalci ba ce. Hausawa sun fi shekara ɗari a Legas, kuma harshen bai mutu a bakin 'ya'yansu ba. Kalmar "mota" ma aro ce, kuma babu Bakanon da ya ƙi ta. Sannan Shamaki sarauta ce mai rai, akwai masu riƙe da ita a yau, bai dace a rataya ta ga ma'aikacin da hukumar kamfani za ta iya rufe sashensa da takarda ɗaya ba.

Makaniken Ladipo:
Wannan shi ne ainihin labarin, kada a bar shi. Audi ta fice daga Le Mans a ƙarshen 2016, bayan badaƙalar hayaƙin dizal da ta faɗa wa uwar kamfanin, Volkswagen, a 2015, ta koma tseren motocin lantarki na Formula E. Porsche ma ta janye daga babban rukunin motocin Le Mans a ƙarshen 2017, aka bar Toyota ita kaɗai a cikin manyan kamfanoni a lokacin. Haka Honda ta bar tseren Formula 1 a ƙarshen 2008, BMW da Toyota suka bi ta a 2009, lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye. Kalmar da za a zaɓa dole ta iya ɗaukar jimla irin "kamfani ya janye hannunsa".

Dattijo mai kishin harshe, Obalende:
"Ya rufe bargarsa" ta fi wannan kaifi nesa ba kusa ba.

Mai fassarar labaran wasanni, Agege:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Zan ce "shugaban sashen tsere na Audi", zan fara da "ƙungiyar kamfanin da ya ƙera motar", daga baya in taƙaita da "'yan gida". "Barga" za ta fito sau ɗaya, inda zan ambaci Ferrari. Har yanzu ban sami sunan ƙungiyar da ke sayen mota daga kamfani tana tsere da ita ba, domin "mai zaman kanta" bai nuna cinikin da ke tsakaninsu ba.

Dattijo mai kishin harshe, Obalende:
Shirinka ne, ka yi yadda ka ga dama, amma ban janye Shamaki ba. Masu sayen motar kuwa ka ce "'yan sari", kafin a sami wadda ta fi ta.