Ya kuke gina halin karakta a wasan RP?

Dan_FarinGada: Salam jama'a. Ina so in shiga wata sabar GTA RP (wasan da kowa ke taka rawar karaktan da ya ƙirƙira) a FiveM, manhajar buga GTA da jama'a a intanet, sun ce sai na rubuto tarihin karaktana tukuna, har da abin da yake tsoro wai. Ni kuma duk wanda na ƙirƙira ɗan daba yake fitowa, mai kuɗi mai bindiga, kwana biyu na gaji da shi. Ku ya kuke yi?

Sadiq_Bukuru: Mutumina rabin sabar ai 'yan daba ne, wa zai tuna da naka? Ni direban tasi na yi a Los Santos, birnin da ke cikin wasan, halinsa kuma na ɗauko daga wani dattijo mai keke da nake hawa daga Terminus zuwa Bauchi Road a Jos, surutu kamar rediyo, kullum babu canji, in ka ce masa kana sauri sai ya rage gudu ya fara maka nasiha. Wallahi Turawan nan har layi suke a kira musu shi, wani ɗan sanda ya tare ni zai rubuta min tara na tsaya ina ba shi labarin ciwon bayana har ya haƙura ya tafi. Turancina ma da harshen Hausa a ciki ban ɓoye ba, na ce ai baƙo ne a garin, shi ke nan ya zauna.

Ummi_Rayfield: Mu D&D (Dungeons & Dragons, wasan labari da ake jefa dayis) muke yi a manhajar hira ta Discord daren Asabar. Tawa tsohuwa ce mai magani, ga rowa, ko kana zubar da jini sai kun yi ciniki. Ban rubuta mata dogon tarihi ba, ran da dayis mai fuska 20 ya ba ni 1 wajen tsallake rafi ta faɗa ruwa, daga nan na ce tana tsoron ruwa, har yau sai an goya ta.

Baba_Gangare: Yara ku duba netwok ma. Yawancin sabobin nan a Turai da Amurka suke, kafin harbinka ya isa an kwantar da kai. Shi ya sa na zama makanike, ina garejina ana kawo min motoci da gulma. Kuma akwai dokar jin tsoron rai, in an sa maka bindiga a ka dole ka ɗaga hannu, to jarumin naka da ba ya tsoron komai admin ne zai fara korarsa.

Dan_FarinGada: Baba na ji. Anti Ummi ita rowar ba ta ɓata wa sauran rai?

Ummi_Rayfield: Sosai ma, wani ya biyo ni inbos yana fushi da gaske, sai da mai jan wasan ya shiga tsakani. Yanzu ina gaya musu tun kafin a fara.

Sadiq_Bukuru: Turo abin da ka rubuta mu gani kafin ka aika, amma in na ga "iyayensa sun mutu yana ƙarami" ba zan karanta ba.